Tayar Baya da Tafiyar Karakkai

Babur ɗin Malam, mijina, ya girmi autarmu, kuma ita ce take rubuta min wannan maganar, don ni ban iya riƙe biro ba. Na ce mata idan kuka ya zo min ta ajiye ta jira ni, kada kuma ta gyara min zance. Malam ya rasu bara. Ina kuka, ba na ɓoyewa, shekaruna sun wuce na ɓoye hawaye.

A Bungudu muka yi zamanmu duka, amma shi asalinsa ɗan Karakkai ne. Su biyu suka rayu a ɗakinsu, shi da yayansa. Mahaifinsu ya rasu Malam yana ƙarami, yayan ne ya riƙe shi, ya koya masa noma, ya yi masa aure. Yaya ya zauna a gona, Malam ya shigo gari yana sayen hatsi a ƙauyuka yana kaiwa kasuwa. Da wannan babur ya yi sana'ar tasa. Ja ne lokacin da ya zo gidanmu, rana da buhuna suka cinye jan har ya koma launin tukunya. Ba a daɗewa Malam bai hau shi ya je ya gaida Yaya ba, ko da aiki ko babu.

Shekarar da nake magana, wajen faɗuwar damina, tayar baya ta fara gurnani. Tun daga bakin layi ake jin ta. Wata safiya Malam ya ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya kama tayar da hannu biyu ya girgiza ta hagu da dama, ta yi ƙwas-ƙwas. Ya ce boris ya tafi. Boris wani zoben ƙarfe ne mai 'yan ƙwallaye a ciki, biyu ne a cibiyar taya, ɗaya ta kowane gefe, a kansu take juyawa. Malam bai taɓa kai babur ɗinsa wurin makanike ba. Ranar ya kwance tayar da kansa, ya zura ƙarfe ta gefe ɗaya ya buge tsofaffin suka fito, ya jingine tayar a bangon zaure, ya tokare babur ɗin da tsohon turmina.

To amma a lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani. Bai faɗa ba. Ni na gane ne da yadda yake laluben cokali a kwano, da yadda ya daina kiran sunan mai sallama sai ya ji muryarsa sosai. Ban ce masa komai ba, shi ma bai ce min ba. Kowannenmu ya san ɗayan ya sani, muka bar shi a haka.

Akwai masu sayar da boris a Bungudu, amma Malam ya raina nasu tun da daɗewa, ya ce ba sa kai damina ɗaya. Shi a Gusau yake saye, da hannunsa yake zaɓa. Yanzu babu babur. Na ce ya shiga motar haya, ya ce shi ba ya son a matse shi da awaki. Gaskiyar ita ce ba zai iya tsallaka titin Gusau da wannan idon ba. Sai ya ce a gaya wa na Gusau ya sayo ya aiko.

Na Gusau shi ne ɗanmu na fari. Yaran yanzu ba su san wannan kunyar ba, sai na bayyana. Ni ban taɓa kiran sunansa ba, tun yana jariri kakarsa ce ta goye shi, ni dai in ba shi nono in kau da kai. Ban taɓa zama mun yi hira ba. Malam ma haka, in yaron ya zo sai ya durƙusa daga nesa ya gaishe shi kansa a ƙasa, Malam ya amsa yana kallon wani wuri, shi ke nan. Ba rashin so ba ne, Allah ya sani. Haka muka taras, haka muka yi. In muna da bukata, Malam ya gaya min, ni in gaya wa auta a waya, tana aure a Tsafe, ita ta gaya wa matar yayanta, matar ta gaya masa. Amsa ma ta wannan hanyar take dawowa.

Amsar da ta dawo ita ce ba a samu ba, babur ɗin tsohon yayi ne, amma ana nema. Malam ya ce to. Bayan wani lokaci ya sake sa ni na tambaya, aka ce an yi wa wani magana zai duba a Kano. Daga nan bai sake tambaya ba, don uba ba ya maimaita wa ɗansa bukata har ya zama kamar roƙo. Kullum bayan sallar asuba zai share zaure, ya goge babur ɗin da tsumma, ya taɓa tayar da ke jingine, ya zauna.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Karakkai cewa Yaya ba lafiya, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya zuwa gona, yana tambayar ƙanensa. Na ce wa Malam ya samu ɗan kabu-kabu ya kai shi, ga su nan birjik a bakin tasha.

Ya ce, "In je wa Yaya a goye kamar buhun gero? Yana ganina a bayan wani ya san idona ya tafi. Mutum yana kwance ba a kai masa wata damuwar."

Na ce ai zuwan ne magani, ba abin hawan ba. Ya ce in bari, boris na nan tafe. Ya aika da goro da sukari, ya ce a gaya wa Yaya yana nan zuwa da an ɗaura taya. Duk wanda ya zo daga Karakkai ranar kasuwa sai ya biyo ta gidanmu ya ce Yaya yana gaisuwa, ya ce yaushe. Malam ya ce kwanan nan. Gero ya yi kai, ya fara nuna, ana ta kwanan nan.

Sai auta ta haihu, na shirya zuwa Tsafe in yi mata wanka. Da zan fita Malam ya kira ni zaure, ya miƙo min wani abu a ƙulle cikin leda. Tsohon boris ne guda ɗaya. Ya ce in na samu hali in nuna wa masu kayan babur na bakin titi, ko Allah zai sa a dace. Ya faɗa a hankali kamar mai jin nauyi. Na ɗaure shi a bakin zanena.

Maƙwabtan auta a Tsafe Kiristoci ne, mutanen Kudu, sun daɗe a garin har 'ya'yansu sun fi ni iya Hausar kasuwa. Matar ta kawo wa mai jego farfesu, muka zauna muna taɗi, na ji ta ce mijinta kayan babur yake sayarwa. Na kwance bakin zane na nuna mata. Ta leƙa ta katanga ta kira shi. Ya karɓa, ya goge shi da babban yatsa, ya kai kusa da ido, sai ya yi dariya.

Ya ce, "Mama, wannan ne aka ce babu? Ai ko injin niƙa irinsa yake ci. A Gusau ko idonki a rufe kika miƙa hannu za ki ɗauko shi."

Matarsa ta harare shi, ta ce kai dai bakinka ba ya da birki, ba ka ga fuskar Mama ba? Sai ya ce in yi haƙuri, zai kawo min masu kyau da yamma.

Da suka fita na juya wurin auta. Ga ta nan yanzu ta sunkuyar da kai a kan takarda, ban faɗa don in ɗora mata komai ba, ita ma tsakiya aka sa ta. Ta fashe da kuka, ga jariri a cinya. Ta ce yayansu na Gusau ne ya ce kada a saya. Ya lura da idon Baba tun zuwansa na sallah, ga hanya ba lafiya, in wani abu ya taso a daji mai ido ma da ƙyar yake tsira. Ba zai iya cewa Baba ya daina hawa ba, shi ya sa ya ce a ce babu. Ta ce kuma tun farko ya ce duk ranar da Baba yake son zuwa Karakkai zai bar aikinsa ya zo ya kai shi da kansa.

Na ce wannan maganar a ina ta tsaya, ban ji ta ba?

Ta ce ta faɗa min. Na tuna. Abin da ya iso kunnena shi ne, na Gusau yana gaisuwa, ya ce ko akwai abin da ake bukata. Matarsa ta rage mata kaifi kafin ta ba auta, auta ta ƙara ragewa kafin ta ba ni, don a cikin maganar akwai zancen idon Baba, kuma babu wanda yake son a ce daga bakinsa ta fito. Ni kuma na ce a ce masa babu komai, mun gode.

Da yamma mutumin ya kawo boris biyu a ɗan kwali, da giris a gwangwani. Na daɗe ina juya su a hannu. Na san abin da ɗana yake tsoro, ni ma ina tsoronsa. Amma na tuna Malam a zaure yana goge babur mai ƙafa ɗaya, sai na ga ba zan iya komawa in ce masa ni ma ban samu ba. Na karɓa. Sai da aka yi suna, aka samu wadda za ta ci gaba da wankan, sannan na hau mota na koma Bungudu.

Na miƙa wa Malam kwalin. Ya buɗe, ya sa yatsa a cikin zoben ya juya shi kusa da kunnensa. Ya tambaye ni ko an sha wahalar samu. Na ce a'a. Ya ce to, Allah ya yi wa yara albarka. Daga yadda ya faɗa na san ya gane komai, wataƙila ma ya daɗe da ganewa.

Washegari da hantsi ya ce in bar wanke-wanke in zo, yau ni ce idonsa. Wannan ne karo na farko da ya ambaci idon da bakinsa, kuma cikin wasa ya faɗa. Ya sa na kwantar da tayar a tsakar gida inda rana take bugawa, ya ce cibiyar ta sha zafi ta buɗe. Boris ɗin kuwa ya sa na ƙulle su a leda na saka a cikin randa, ya ce sanyi yana sa ƙarfe ya tsuke, in an haɗa mai zafi da mai sanyi shiga ba ta wuya. Na ce yau kuma randata ce ta zama gareji. Ya ce ai turmina ya riga ta shiga aikin.

Na wanke ramin cibiyar da kananzir da tsumma, yana bin bayana da yatsa yana cewa nan akwai saura. Na ɗauko boris ɗaya daga randa, ya shafa masa giris, ya ɗora a bakin ramin. Sai ya ɗauki tsohon da na dawo da shi ya kifa a kan sabon. Ya ce ba a dukan sabo kai tsaye, kuma ba a dukan zoben ciki, in an yi haka an kashe shi tun bai fara aiki ba. Tsohon ne zai sha guduma, a bi gefe-gefe ana zagayawa. Aikina in durƙusa in sa ido daidai da bakin ramin in gaya masa in ya karkace.

Ya fara bugawa a hankali. Na ce ya karkata wajen ɗakin girki. Ya buga ɗaya gefen. Na ce yanzu kuma wajen rijiya. Ya ce, "Ke wai boris nake sawa ko gidan nake zagayawa?" Muka yi dariya har na zauna a ƙasa. Mun tsufa tare, na dafa ya ci, ya nemo na adana, amma ban tuna ranar da hannuna da nasa suka taru a kan aiki ɗaya ba sai wannan ranar. Kansa dab da nawa, ina jin numfashinsa. Da boris ya kai ƙasa ƙarar gudumar ta sauya, ta daina amo ta koma tim-tim. Ya ce ya zauna.

Muka juya tayar. Har ya ɗora na biyun ya ɗaga guduma, sai ya tsaya. Ya ce ina ɗan bututun? Na ce wane bututu? Ya ce wani ɗan guntun ƙarfe mai rami, tsakanin boris biyun yake zama, shi yake hana su matsewa in an ɗaure noti, in babu shi kafin a kai bakin gari sun niƙe. Ya ce ranar da ya kwance ya ajiye shi a kan taga. Sai na tuna. Na tsince shi tun tuni ina shara, na ga ƙarfe ne mai nauyi ga rami, na ɗaura shi a bakin guga don ta riƙa nutsewa da sauri. Na tafi rijiya na kwanto shi yana ɗigar ruwa. Malam ya riƙe shi ya ce duk daminar nan ashe babur ɗinsa yana ɗebo mana ruwa bai sani ba. Ya goge shi, ya shafe shi da giris, ya zura, sannan muka sa na biyun.

Ɗaura tayar ya fi ba mu wuya. Na riƙe ta a tsakanin gwiwoyina ina ɗagawa, shi yana mayar da faifan birki, yana ɗora sarƙa a kan haƙoranta, yana neman rami da dogon ƙarfen da yake ratsa cibiyar. Bayana ya yi ta ciwo, ban faɗa ba. Da ƙarfen ya wuce ya ɗaure noti da sufana, ya daidaita sarƙar da yatsa, ya ce in juya tayar. Na juya. Ba gurnani, ba ƙwas-ƙwas, sai ɗan shuu kamar ana tankaɗe. Ya girgiza ta hagu da dama, ko motsi. Fuskarsa a lokacin, ban san yadda zan sa a rubuta ta ba.

Ya ce bari ya gwada zuwa bakin layi. Ya tura babur ɗin waje, ya yi ta bugawa har ya tashi, ya hau. Ina tsaye a ƙofar zaure ina kallo. Ya tafi daidai har wajen gidan maƙwabcinmu, inda layin yake ɗan lanƙwasa. Shi bai lanƙwasa ba. Ya shiga dangar kara a hankali, babur ya kwanta, shi ma ya kwanta. Kafin mutane su fito ya tashi, ya ce musu birki ne bai gama ɗaurewa ba. Ya turo shi ya dawo, ƙaiƙayin kara a hularsa, gwiwar hannunsa ta ɗan goge.

Ya zauna a zaure har aka kira azahar. Da ya dawo daga masallaci ya ce in kawo waya in sa yaran maƙwabta su nemo masa na Gusau. Na ce auta dai? Ya ce a'a, shi. Aka nemo, ya karɓa da hannunsa. Ina jin muryar yaron daga inda nake, ta rikice, yana ta jero gaisuwa.

Malam ya ce, "Ka zo gobe ka kai ni Karakkai. Idona ba ya gani."

Yaron ya ce, "To, Baba."

Iyakar maganar ke nan. Ita ce muka yi damina guda muna kewayawa, mu biyar, kowa yana tausayin kowa.

Da safe ya iso a motar farko. Ya duba tayar, ya girgiza ta, ya tambayi iska wa ya ɗaura, don ba zai tambaye ni ba. Malam ya ce shi da Innarsu. Sai da rana ta ɗaga mutane suka fara bin hanya sannan suka fita. Malam ya hau baya, ya rasa inda zai sa hannunsa, daga ƙarshe ya dafa kafaɗar ɗansa. Na ba su fura a jarka da ɗan tsaraba. Na tsaya har suka sha kwana, ban ji ƙarar taya ba.

Kafin la'asar suka dawo. Na ɗauka za su kai yamma. Yaron ya shigar da babur zaure, ya durƙusa ya yi sallama ya tafi tasha, idonsa ja. Na kawo wa Malam ruwa, na zauna nesa kaɗan, na ce yaya mai jiki. Ya ce yana raye. Ya sha ruwan, ya ajiye kofin a gefen tabarma a hankali.

Ya ce sun same shi a kwance an jingina shi da matashi. Iyalinsa sun ce har lokacin da gero ya fara nuna yana gane kowa, yana sa a fitar da shi ƙofar gida ranar kasuwa ko zai ji babur. Daga baya ne hankalin ya fara tafiya yana dawowa, yanzu ya fi zama can. Malam ya zauna kusa da shi, ya kama hannunsa, ya ce Yaya ga ni na zo. Yaya ya riƙe hannun sosai, ya yi masa maraba kamar yadda ake yi wa baƙo, ya tambaye shi daga ina. Ya ce daga Bungudu. Sai fuskar Yaya ta washe.

Ya ce, "Bungudu? To don Allah in ka koma ka nemi ƙanena, mai jan babur, kowa ya san shi. Ka ce masa ina nan ina jira."

Na ce, me ka ce masa?

Malam ya ce, "Na ce to, zan gaya masa."

Sun sake komawa, shi da yaron, ba sau ɗaya ba, kafin Allah ya karɓi Yaya bayan an gama girbi. Ko sau ɗaya bai gane shi ba, kuma duk zuwa sai ya ba shi wannan saƙon. Malam yakan dawo ya zauna a tabarma ya ce min, yau ma an aiko ni. Dakata nan, 'yar nan, ajiye biron.